Kafin a Sayi Mita, a Tambayi Yaren da Take Ji

Ranar 24 ga Nuwamba, 2024, wani agogo ya ƙare a cikin miliyoyin mitocin kati, agogon da yawancin masu mitocin ba su taɓa sanin yana nan ba. Lambar nan mai alƙaluma 20 da mutum ke saya ya danna wa mitarsa tana ɗauke da hatimin lokacin da aka fitar da ita, domin kada a loda kati ɗaya sau biyu. Hatimin ƙirgen mintoci ne, an fara shi daga 1 ga Janairu, 1993, kuma gurbin da aka tanadar masa ba ya cin fiye da minti 16,777,216, wato kusan shekara 32. Da zarar gurbin ya cika, ƙirge zai koma sifiri, mita ta ɗauki sabon kati a matsayin tsoho ta ƙi karɓa. Shi ya sa kamfanonin wuta a Afirka ta Kudu da Kenya da Najeriya da wasu ƙasashe da dama suka yi ta shela, kowa ya karɓi wasu lambobi na musamman ya danna kafin wa'adi ya cika. An sha layi, an sha ƙorafi, amma galibin mitocin sun tsallake.

Abin da ya ja hankalina a lamarin shi ne, mitocin nan ba masana'anta ɗaya ta ƙera su ba. Masu ƙerawa barkatai ne, a ƙasashe daban-daban, amma gyara iri ɗaya ya yi wa dukkansu aiki, saboda duk yare ɗaya suke ji: ƙa'idar STS, wadda kamfanin wutar Afirka ta Kudu, Eskom, ya assasa a farkon shekarun 1990, daga baya hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, ta mai da ita ƙa'idar duniya mai lamba 62055-41. Yaren ne ya jawo matsalar, shi ne kuma ya sa maganinta ya zo da sauƙi. Shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke a kan takarda ta biyo mutane har cikin ɗakunansu bayan shekara talatin. Tun ran gini ran zane.

Daga nan ra'ayina ya samo asali game da zancen zamanantar da rarraba wutar lantarki, da mitoci masu wayo, da karanta mita daga nesa. Abin da ya fi cancantar jama'a su sa wa ido shi ne ƙa'idar da na'urorin za su yi magana da ita, da kuma wanda ke riƙe da makullinta. Amma duk inda aka tashi maganar, adadin mitocin da za a sayo ake ta cika baki da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mita ana iya ɗaukar ta hoto ranar ƙaddamarwa, ƙa'ida kuwa takarda ce mai ɗaruruwan shafuka da ko wanda ya sa mata hannu ba lallai ya karanta ba.

Kada a fahimce ni a baibai, ina goyon bayan sauyin ɗari bisa ɗari. Tsohon tsarin rarraba wuta makaho ne. Manyan layukan da ke ɗauko wuta daga tashoshi sun daɗe da samun ido da kunne, ana kallon su daga ɗakin kula dare da rana, amma daga ƙaramar tasha zuwa transfoma zuwa gidaje, kamfani bai cika sanin abin da ke faruwa ba. Idan waya ta tsinke, sai wani ya kira ya faɗa. Idan transfoma na ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinta, sai ta ƙone a sani. Idan ma'aikacin karanta mita bai samu shiga gida ba, sai a yi ƙiyasi a rubuto kuɗi, rigima ta tashi. Mita mai wayo tana rubuta abin da aka sha duk minti 15 ko 30, ta aika ta cikin wayar wutar kanta, ko ta rediyo daga mita zuwa mita, ko ta layin wayar salula. Da yawansu idan wuta ta ɗauke suna amfani da ɗan guntun cajin da suka ajiye su tura saƙon ban kwana, ofis ya ga gidajen da duhu ya rufe tun kafin kowa ya ɗauki waya. Idan kuma an sa mita a jikin transfoma, sai a tara abin da gidajen da ke ƙarƙashinta suka sha a gwada da abin da ya fita daga cikinta. Giɓin da ya rage shi ke nuna inda ake sata ko inda waya ke zubar da wuta. A kan layukan kuma ana sa makunnai masu aiki da kansu, su keɓe wurin da ya lalace, su juyo wa sauran jama'a wuta ta wata hanyar cikin ɗan lokaci.

Ga kuma sola. An gina tsofaffin layuka ne a kan cewa wuta hanya ɗaya take bi, daga tasha zuwa gida. A Ostireliya yau kusan gida ɗaya cikin uku yana da sola a kan rufi, da tsakar rana wuta ke komawa baya daga gidaje zuwa transfoma, ƙarfinta ya yi ta hawa. Layin da ba ya gani ba zai iya da wannan ba. Saboda haka batun ko za a zamanantar ya riga ya wuce, saura ta yaya.

Italiya ce ta fara yin abin da gaske. Daga 2001 kamfanin Enel ya shiga sauya mitoci, kafin ƙarshen 2006 ya kafa kusan miliyan 30, duk suna aika karatu ta cikin wayar wuta zuwa wani akwati a ƙaramar tasha, daga nan zuwa ofis. Ya yi nasara, kuma yaren da mitocin ke ji nasa ne na cikin gida. Masu kafa hujja da Italiya sukan manta cewa Enel shi ke da kaso mafi tsoka na layukan rarraba wuta a ƙasar, don haka yarensa ya zama yaren ƙasa ko ana so ko ba a so. Ba kowace ƙasa ke da wannan yanayi ba.

Birtaniya ce ta nuna abin da ke faruwa idan na'ura ta riga ƙa'ida isowa. A can, kamfanonin da ke sayar wa mutane wuta aka ɗora wa alhakin sa mitoci, ba masu wayoyi da transfomomi ba, kuma mutum na da damar barin wannan kamfani ya koma wancan duk lokacin da ya ga dama. Aka fara kafa rukunin farko na mitoci, waɗanda ake kira SMETS1, tun kafin cibiyar sadarwa ta bai-ɗaya ta kammalu, kowane kamfani da hanyar da yake magana da nasa. Sai ga shi mutum ya sauya kamfani don neman rangwame, mitarsa ta kurumce. Sabon kamfanin ba ya jin ta, ita ma ba ta jin sa, sai mai gida ya koma karanta lambobi da idonsa yana aikawa kamar dā. Miliyoyin mitoci abin ya shafa. Sai da aka fito da rukuni na biyu, SMETS2, aka kuma ɗauki shekaru ana jawo tsofaffin ɗaya bayan ɗaya zuwa waccan cibiyar ta bai-ɗaya, wadda ake kira DCC. Wa'adin 2020 da aka sa wa aikin kafa mitocin ya wuce, aka yi ta ɗagawa. Mitocin ba su lalace ba, ƙirge suke yi daidai. Yare ne kawai babu, kuma kuɗin gyaran a cikin bil ɗin jama'a ya ƙare.

Yaren kuwa akwai shi, ba sai an ƙirƙiro ba. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne DLMS/COSEM, ƙa'idar IEC 62056. A cikinsa kowane abin da mita ke aunawa yana da lambar suna da ba ta canzawa. Wanda ya duba fuskar mitarsa ya ga 1.8.0, jimillar wutar da ya sha ke nan. Idan ya ga 2.8.0, wutar da ya mayar wa layi ce, misali daga solarsa. Ko a ina aka ƙera mitar, ma'anar ɗaya ce. Ni wannan ɗan ƙaramin abu ya fi burge ni a kan duk wani allo mai launi da ake liƙa wa mita.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma masu sayar da kaya sun san shi sarai. Ƙa'idar tana da faɗi, cike take da zaɓi. Mita biyu za su iya ɗauke da tambarinta amma su kasa aiki da manhaja ɗaya, kamar mutum biyu masu harshe ɗaya da kowanne ya riƙe karin garinsu ya ƙi sassautawa. Shi ya sa rubuta "dole ta bi DLMS" a takardar kwangila bai wadatar ba. Sai ƙasa ta zauna ta tsamo abin da take so daga cikin ƙa'idar, ta ce ga bayanan da kowace mita za ta ajiye, ga yadda za ta ba da labarin an taɓa ta, ga matakin tsaron da ba a sauka ƙasa da shi. Indiya ta yi haka da ƙa'idojinta IS 16444 da IS 15959, kuma da su take tafiya a shirin da ta ƙaddamar a 2021 na kafa mitoci masu wayo miliyan 250. Bayan an rubuta, sai gwaji. A ɗauko mitar wannan masana'anta a haɗa ta da manhajar wancan, a ɗakin gwajin da ba mai sayarwa ke biyan albashinsa ba, a gani da ido. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai tambaya guda da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, kuma da wuya a ji an yi ta a bainar jama'a: makullan suna hannun wa? Duk saƙon da ke tsakanin mita da ofis a kulle yake tafiya, da makulli na sirri. Idan masana'anta ce ko ɗan kwangila ke riƙe da makullan, to ko da ƙa'idar a buɗe take, kamfanin rarraba wuta ɗan haya ne a gidansa. Ranar da suka saɓa kan farashi, ko ɗan kwangilar ya durƙushe, mitoci dubu ɗari za su zama gumaka a jikin bango. Mita ana sa ran ta yi shekara 15 zuwa 20. Kwangila ba ta kai haka, gwamnatoci ma ba sa kaiwa. Hanyar sadarwar kanta tana tsufa ta bar mitar: a Birtaniya an tsayar da 2033 a matsayin ƙarshen layukan 2G da 3G, alhali miliyoyin mitoci a kansu suke magana, dole a sake bin gidaje a canza musu akwatin sadarwa. Wanda ya sayi mitar da sashen sadarwarta ke cirewa a sa wani, ya huta. Wanda ya sayi wadda aka narke komai wuri ɗaya, sai ya sayi sabuwa.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna. A cikin yawancin mitocin nan akwai makunni da ake iya kashewa daga ofis. A dā, yanke wa gida wuta sai an tashi mutum, ya ɗauko tsani, ya tsaya a ƙofar gida. Wani lokaci ya tarar da tsohuwa kwance ba lafiya, ko jariri, ya juya ya tafi. Ban ce tsarin na da kyau ba, cin hanci ya yi masa katutu a wurare da yawa, amma aƙalla akwai idon ɗan Adam a ciki. Yanzu danna maɓalli ne, kuma manhaja na iya yi wa gida dubu a lokaci guda ba tare da kowa ya ga fuskar kowa ba. A farkon 2023 rigima ta ɓarke a Birtaniya lokacin da ta bayyana cewa ana tilasta wa masu bashi mitar kati, wasu ma daga nesa aka juya musu mitarsu ta koma ta kati, cikin tsananin sanyi da tsadar makamashi. Kati ya ƙare, gida ya yi duhu, kuma a takarda ba wanda ya yanke wa kowa wuta. Sai da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin makamashi a ƙasar, ta sa aka dakatar, ta fito da sharuɗɗa, ciki har da hana yi wa gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu. Abin lura shi ne dokar ta zo ne bayan an cutu. Na'urar ta daɗe da iya yin abin, ba wanda ya zauna ya rubuta lokacin da bai kamata ta yi ba.

Makunnin da ofis ke iya taɓawa daga nesa, ɓarawo ma yana iya taɓawa idan ya samu hanya. Ranar 23 ga Disamba, 2015, 'yan kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku a Yukiren, suka yi ta buɗe makunnan ƙananan tashoshi, masu amfani da wuta kusan 225,000 suka shiga duhu. Abin da ya cece su cikin sa'o'i shi ne ma'aikata sun shiga mota sun je tashoshin sun mayar da wuta da hannu. Duk mai zana layin wuta na zamani ya kamata ya riƙe wannan: a bar hanyar hannu, a kuma bar mutanen da suka iya ta. Wasu kan ce ƙa'ida a buɗe tana sauƙaƙa wa ɗan kutse aiki tunda kowa na iya karanta ta. Ban yarda ba. Ƙa'idar da dubban idanu suka bincika ta fi wadda kamfani ɗaya ya ɓoye a aljihu yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Sirri a makulli ya kamata ya zauna, kowace mita da nata, ta yadda wanda ya fasa ɗaya bai fasa gari ba.

Sai bayanan kansu. Karatun kowane minti 15 yana faɗin lokacin da mutanen gida ke tashi, da lokacin da suke kwanciya, da makon da suka yi tafiya suka bar gida ba kowa. A Holan gwamnati ta so ta wajabta mitar, har da hukunci ga wanda ya ƙi, amma a 2009 majalisar dattawan ƙasar ta ƙi amincewa saboda sirrin iyali. Aka koma aka gyara, mutum ya samu damar ƙin karɓa ko ya sa a kashe karatun nesa. Wani abin da suka yi wanda nake so kowace ƙasa ta kwaikwaya shi ne wata 'yar kafa a jikin mitar da ake kira P1. Mai gida na iya soka na'urarsa a ciki ya ga abin da yake sha nan take, ba sai ya roƙi kamfani ba. Wannan ne ke mai da mita sikeli na tsakani, mai saye na gani, mai sayarwa na gani. Idan kamfani kaɗai ke ganin karatun, an dai sauya wa ƙiyasi riga ne. Mita ma tana kuskure. A 2017 masu bincike a Jami'ar Twente sun nuna cewa wasu mitocin lantarki na zamani suna ƙirga fiye da kima ninki-ba-ninki idan aka haɗa su da wasu ƙwayayen fitila masu na'urar rage haske. Wanda ba shi da hanyar duba karatunsa, da me zai yi musu?

Akwai hujja mai ƙarfi a kan matsayina, ba zan ɓoye ta ba. Jiran ƙa'ida na cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne. Jamus ta tsaya kai da fata sai na'urar sadarwar kowace mita ta samu shaidar hukumar tsaron bayanai ta BSI. Shaidar farko ba ta fito ba sai ƙarshen 2018, aikin ya fara a 2020, kotu ta taka masa birki a 2021, sai da aka yi sabuwar doka a 2023. Tarayyar Turai tun 2009 ta sa burin kashi 80 cikin ɗari na masu amfani da wuta su samu mita mai wayo kafin 2020 a inda lissafi ya nuna riba, amma wa'adin ya zo ya wuce Jamus na can baya, yayin da Italiya ta riga ta shiga zagaye na biyu na sauya mitoci. Ƙasar da ke asarar wuta mai yawa ta hanyar sata da ƙiyasi ba za ta iya irin wannan jira ba. Na amince. Amma Jamus sabon abu ta ƙera tun daga tushe. Wanda zai fara yau ba ya bukatar haka, ƙa'idojin suna nan an gwada su a kan ɗaruruwan miliyoyin mitoci, kura-kuran wasu ma suna nan a rubuce kyauta. Aikin 'yan watanni ne a zauna a zaɓa a rubuta a kwangila. Gani ga wane ya ishi wane.

Kuma a riƙa faɗin gaskiya game da wanda zai ci riba. Faransa ta kafa mitoci masu wayo da ake kira Linky kusan miliyan 35, aiki mai tsari ƙwarai, amma a 2018 kotun binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta ce yadda aka tsara biyan kuɗin ya fi fifita kamfanin rarraba wuta na Enedis a kan masu amfani da wutar. Haka abin yake a ko'ina idan ba a sa ido ba. Ribar kamfani tana zuwa da kanta: ya daina biyan masu karanta mita, ya kama ɓarayi, kuɗinsa ya shigo da wuri. Ribar mai gida kuwa sai an rubuta ta a doka. Mitar da ta san minti nawa gida ya yi babu wuta tana iya sa a biya shi diyya kai tsaye ba tare da ya cika takarda ba. Mitar da ta ga ƙarfin wuta ya haura har ya ƙona firji tana iya zama shaidarsa. Duk bayanan suna cikinta. Ko za su yi wa mai gida aiki, ya danganta da ko hukumar da ke sa ido ta tilasta a ajiye su cikin sigar da kowa zai iya karantawa, ta kuma ba shi haƙƙin karɓa. A inda wutar ma ba ta wadata ba, mita ba za ta ƙara ko kilowat ɗaya ba, amma za ta iya nuna unguwar da aka ba awa ashirin da wadda aka ba awa huɗu, kuma ina zargin wannan na cikin dalilan da wasu ba sa ɗokin buɗe bayanan.

Waɗancan lambobin da aka danna a 2024 sun mayar da farkon ƙirge zuwa 1 ga Janairu, 2014. Gurbin bai ƙara faɗi ba, minti 16,777,216 ne har yanzu, zai sake cika a Nuwamba 2045. Wasu daga cikin mitocin da ake kafawa a bana za su kai lokacin suna jikin bango. Waɗanda ke jin ofis daga nesa, da makullansu a hannun mai layin, za a tura musu gyaran cikin dare masu gida na barci. Sauran kuwa sai an sake shela, a sake bin layi.